Falle Ɗaya Za Ka Saya: Na Ingila, Na Faransa, Ko Furannin Banks?

Wanda ya shiga shagon dillalan tsofaffin zane a Landan ko Faris, ko ya leƙa gwanjon intanet yana neman zanen tsirrai da dabbobin da matafiyan teku na farko suka komo da su, iri uku zai fi cin karo da su. Akwai fallayen baƙi da fari da aka ciro daga littattafan tafiyar Kyaftin James Cook da waɗanda suka biyo sawunsa, bugun 1773 zuwa wajen 1790. Akwai manyan fallaye masu launi daga kundayen tafiye-tafiyen jiragen ruwan Faransa, daga 1807 zuwa shekarun 1830. Sai kuma zanen furannin Joseph Banks, masanin tsirran Ingila da ya bi Cook a tafiyarsa ta farko, waɗanda lamarinsu kan ɗaure wa mutane kai: tun ƙarni na 18 aka sassaƙa farantan tagullar da ake buga su da su, amma ba a buga su da launi ba sai tsakanin 1980 da 1990. To, idan kuɗin falle ɗaya ne a aljihunka, wanne za ka ɗauka?

Yawancin masu saye shekarun takardar suke fara tambaya, kamar tsufa shi kaɗai ne daraja. Ni tambayar da na ga ta fi amfani ita ce: hannu nawa zanen ya ratsa daga lokacin da halittar ke da rai zuwa lokacin da ta hau takardar da ke gabanka, kuma a cikin masu hannun nan akwai wanda ya taɓa ganin ta da idonsa? Da wannan zan auna ukun, sannan in duba wanne ne zai iya jure gidan da za a kai shi.

Dukansu hanya ɗaya suka biyo. Mai zane a cikin jirgi ya yi nasa da fensir ko launin ruwa. Bayan an dawo, sau da yawa wani mai zanen daban ne ke kammalawa. Daga nan a miƙa wa masassaƙi, ya ɗauki farantin tagulla da aka goge sumul, ya riƙa tura wani ɗan ƙarfe mai tsini yana yanka siraran layuka, kuma a juye yake aikin, dama ta koma hagu. Wani kuma kakin zuma yake shafa wa farantin, ya zana da allura, ya bar asid ya ci gurbin. A cika ramukan da tawada, a goge saman tas, a ɗora takarda mai danshi, a tura su cikin injin matsi. Ƙarfin matsin ne ke sa gefen farantin ya bar shati a jikin takardar, wanda yatsa ke ji ko da ido a rufe. Kowane hannu a wannan jeri yana iya ƙara abin da babu, ko ya rage abin da yake akwai.

Na Ingila suka fi suna, kuma babu wanda ya kai kangaru suna a cikinsu. Jirgin Endeavour, na tafiyar Cook ta farko, ya bar Plymouth a Agustan 1768, ya dawo a Yulin 1771. A Yunin 1770 ya hau kan duwatsun murjani a gaɓar arewa maso gabashin Ostireliya, aka ja shi bakin wani kogi aka yi kusan mako bakwai ana gyara. A zaman nan ne aka harbi kangaru. Sydney Parkinson, matashin mai zanen da Banks ya ɗauka aiki, ya yi masa ɗan zanen fensir cikin gaggawa. Sai dai Parkinson bai ga gida ba. Cutar da mutanen jirgin suka kwaso a Batavia, wato Jakarta ta yau, ita ta zama ajalinsa a kan teku a Janairun 1771. Abin da ya iso Landan fata ce da ƙoƙon kai da waɗannan 'yan zane-zane. Banks ya ba George Stubbs, gwanin zanen dawaki, aikin fito da dabbar, shi kuwa Stubbs bai taɓa ganin kangaru ba. Daga zanensa aka sassaƙa farantin da ya fito a littafin John Hawkesworth mai juzu'i uku a 1773. Dubi fallen da kyau: kan ya yi ƙanƙanta, kunnuwa a tsaye, dabbar ta waiwaya tana kallon bayanta, jikin kuma ya cika ya yi sulɓi ba tare da alamar tsoka ba, domin fata aka kalla aka zana. Shekaru da dama wannan ne kangarun da Turai ta sani, kowa kuma daga shi yake kwafa.

Saboda haka wanda ya sayi wannan falle ya san cewa tarihi ya saya, wato ganin farko da kurakuransa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban raina shi ba. Amma idan kana son na Ingila wanda ya fi kusa da rai, nemi na tafiyar Cook ta uku, wadda aka fara a 1776 aka kammala a 1780, Cook kansa ya rasa ransa a Hawaii a tsakiyarta. John Webber yana cikin jirgin, ya ga abin da ya zana, kuma da aka dawo shi ya tsaya a kan masassaƙa har littafin ya fito a 1784. Karen ruwan teku da farin beyar na yankin ƙanƙara da Peter Mazell ya sassaƙa daga zanensa suna cikin waɗanda ake nema. Sai dai fa zanen halittu tsiraru ne a littattafan Cook. Taswira da gaɓar teku da fuskokin mutane su suka cika su. Wanda ke son tsuntsaye da yawa sai ya koma ga littafin likita John White na 1790 kan New South Wales, mai farantai 65. A nan ma akwai gyara: yawancin tsuntsayen a Landan aka zana su, Sarah Stone na cikin masu zanen, daga fatun da aka aiko, shi ya sa suke a sandare a kan ɗan reshe.

Tarko biyu ne a kasuwar na Ingila. Na farko kwafi. Littattafan Cook sun yi kasuwa ƙwarai, sai maɗaba'u suka shiga sake sassaƙa zanen a sababbin farantai. Fassarar Faransanci ta fito tun 1774 da nata farantan, kuma Alexander Hogg ya riƙa sayar da wani bugu mai araha kashi-kashi a Landan a tsakiyar shekarun 1780. Waɗannan ma tsofaffi ne na gaske, dillalin da ya ce maka na ƙarni na 18 ne bai yi ƙarya ba, amma an ƙara hannu ɗaya a kan hannayen da suka riga suka yi yawa. Sau da yawa za ka tarar dabbar ta juya, tana kallon inda ta asali ta ba baya, don mai kwafa ya bi bugun yadda yake ya sassaƙa, injin kuma ya juya shi. Tarko na biyu launi. Farantan littattafan Cook na hukuma baƙi da fari aka fitar da su. Duk launin da ka gani a kansu wani ne ya shafa daga baya, watakila shekara 100 da ta wuce, watakila bara. Littafin White shi an sayar da shi iri biyu tun farko, mai launi da marar launi, don haka a nasa ana iya samun launin asali.

Na Faransa wata duniya ce daban, domin gwamnati ce ta biya, kuma ba ta yi rowa ba. Tafiyar Nicolas Baudin zuwa Ostireliya daga 1800 zuwa 1804 ita ta buɗe ƙofa. Masu zanen da aka naɗa a hukumance sun sauka daga jirgi a tsibirin Mauritius, aikin ya faɗa kan wasu samari biyu da aka rubuta sunansu a matsayin mataimakan masu harba igwa, Charles-Alexandre Lesueur da Nicolas-Martin Petit. Lesueur ya zama ɗaya daga cikin gwanayen zanen halittu na zamaninsa. Kundin da ya fito a 1807 yana ɗauke da zanensa na wani ƙaramin tsuntsu ɗan uwan jimina da ke zaune a tsibiran kudancin Ostireliya. An kai wasu da ransu Faransa, na ƙarshe ya mutu a Faris a 1822, a tsibiran nasu ma an ƙarar da su. Wanda ya riƙe wannan falle yana riƙe da aikin mutumin da ya ga tsuntsun yana tafiya da ƙafarsa, abin da babu mai sake gani.

Bayansa Louis de Freycinet ya fita zagaya duniya da jirgin Uranie a 1817, jirgin ya fashe a tsibiran Falkland a 1820, aka tsamo abin da aka iya tsamowa na samfuran da ruwan gishiri ya jiƙa. Sai Louis-Isidore Duperrey da jirgin Coquille daga 1822 zuwa 1825, sannan Jules Dumont d'Urville da Astrolabe daga 1826 zuwa 1829. Kowace tafiya ta haifar da manyan kundaye, na dabbobi daban, na tsirrai daban. Aikinsu ya sha bamban da na Ingila. Maimakon layi kaɗai, masassaƙin yakan cika jikin halittar da ɗigo-ɗigo ƙanana, a buga da tawada mai launi, sannan a bi da buroshi a kammala da hannu. A wasu fallayen na wannan zamani ana ɗan shafa ƙaro a ido ko a gashin da ya yi duhu don ya yi sheƙi, in ka karkata takardar ga haske za ka gani. Sakamakon shi ne laushi da zurfin launi da zanen layi ba ya bayarwa. Idan kyan gani kawai ake nema, ba na jin akwai gardama.

Amma a nan ma sai an yi tambayar hannaye. Mutane tsuntsaye suke rububi a kansu, musamman wanda Turawa ke kira tsuntsun aljanna na Niyu Gini. Tun 1522, da jirgin da ya rage daga ayarin Magellan ya dawo daga zagaya duniya, fatunsa ke isa Turai an cire musu ƙafafu, har aka daɗe ana cewa tsuntsun ba ya sauka ƙasa. René Lesson, likitan jirgin Coquille, shi ne masanin halittu Bature na farko da ya gan shi da rai a dajinsa, a 1824. Duk da haka yawancin tsuntsayen kundin a Faris aka zana su daga fata, Jean-Gabriel Prêtre na cikin manyan masu aikin, Coutant kuma ya sassaƙa. Gashin daidai ne ɗaya bayan ɗaya, amma tsayuwar tsuntsun ta mai cusa fata ce. Inda ainihin taskar take shi ne inda mutane ba sa waiwaya: kifaye da halittun teku masu taushin jiki. Kifin murjani yana fita daga ruwa launinsa ke fara dusashewa, in an jefa shi a kwalbar barasa kuwa sai ya koma toka-toka. Halitta marar ƙashi ma ko siffarta ba ta tsira. Ba yadda za a yi a zana su sai nan take a cikin jirgi, suna motsi a bokiti. Haka Lesueur ya yi, haka Jean René Constant Quoy, likitan Uranie da Astrolabe, ya yi da hannunsa. Galibi waɗannan fallaye sun fi na tsuntsaye sauƙin kuɗi, alhali su suka fi kusa da rai.

Kada kuma sunan Faransa ya sa ka saki jiki da kowane falle. Pierre Sonnerat ya fitar da littafin tafiya zuwa Niyu Gini a 1776, alhali bai taka babban tsibirin ba, ya kuma saka tsuntsayen yankin sanyi na kudancin duniya a ciki ya ce na can ne. Zanen yana da kyau, tsoho ne kuma, amma rubutun da ke ƙarƙashinsa ba gaskiya ba ne.

Raunin na Faransa a jikinsu yake. Launin ruwa ba ya shiri da rana, ja da rawaya kan riga sauran gudu. Takardar shekarun 1820 kuma ta cika yin tabo-tabo masu launin tsatsa idan ta sha laima, kuma fallayen manya ne masu faɗin farin gefe, inda kowane tabo ke fitowa fili.

Yanzu ga na uku, wanda na fi so in daɗe a kansa. Banks ya shiga Endeavour da kuɗinsa da ma'aikatansa, tare da Daniel Solander, ɗalibin Linnaeus, shahararren masanin tsirrai na Suwidin. Tsarinsu shi ne su sauka su tsinko tsirrai, Solander ya rubuta bayani, Parkinson ya zana kafin ganyen ya yi yaushi. A Tahiti ƙudaje suka riƙa cinye launin daga kan takarda yana cikin shafawa, sai da aka rufe shi da gidan sauro. A gaɓar Ostireliya tsirrai suka yi masa yawa har ya daina kammalawa: sai ya zana siffar da fensir, ya shafa launi a ganye ɗaya da fure ɗaya, ya rubuta sauran bayanin launin a bayan takardar. Banks ya rubuta cewa a cikin kwana 14 ya yi zane 94. Da ya rasu ya bar zanen tsirrai sama da 900, waɗanda ya kammala ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba.

A Landan Banks ya ɗauki masu zane, irin su Frederick Polydore Nodder da John Frederick Miller, suka kammala sauran, ga zanen Parkinson a gefe ɗaya, ga busasshen tsiron a ɗaya gefen, Banks da Solander da suka ga tsirran a raye suna dubawa. Masassaƙa 18 suka yi shekaru suna aiki har zuwa 1784, suka gama farantai 743. Daniel MacKenzie da Gerald Sibelius su suka fi yin da yawa. Sannan shiru. Solander ya rasu a 1782, Banks ya shagala da shugabancin Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, kuɗi ma ya ja baya, littafin bai fito ba har Banks ya rasu a 1820. Farantan suka zauna a naɗe a gidan tarihin halittu na Landan. An ɗan buga kaɗan daga ciki da baƙar tawada a 1973, amma cikakken bugu sai da kamfanin Alecto Historical Editions ya haɗa hannu da gidan tarihin a 1980, suka kwashe shekara 10 suna fitar da shi da sunan Banks' Florilegium. Saiti 100 aka buga don sayarwa. Na Ostireliya 337 ne, na Niyu Zilan 183, na Tahiti da maƙwabtanta 89, na Tierra del Fuego da ke ƙarshen Amurka ta Kudu 65, sauran daga Java da Birazil da Madeira.

Yadda aka sa launin shi ne abin da ya kamata mai saye ya fahimta. Ba fenti aka shafa a kan baƙin zane ba. Mai bugu yakan ɗauki ɗan dunƙulen tsumma ya cusa kowace tawada a gurbinta a kan farantin: kore a ganye, wani koren a jijiyar ganyen, ja a fure, ƙasa-ƙasa a reshe, wani lokaci launi ya haura 10. A goge a tsanake don kada su haɗu, a buga sau ɗaya, sannan a wanke farantin a sake daga farko saboda falle na gaba. Idan ka sa gilashin ƙara girma a kan ganye ɗaya, za ka ga cewa layin da MacKenzie ya yanka da hannunsa shi kansa ne kore, ya ɗan taso sama da takardar.

Masu ra'ayin tsufa suna da hujja biyu a kansa, kuma duka biyun gaskiya ne. Takardar ba ta kai shekara 50 ba, saboda haka ba kayan tarihi ba ce a ma'anar da 'yan kasuwa ke nufi. Launin kuma shawarar mutanen ƙarni na 20 ce, ko da yake sun bi zanen ruwa na asali. Farantan an sassaƙa su ne da cikakkiyar inuwa yadda baƙar tawada kaɗai za ta wadatar. Wanda ƙanshin tsohuwar takarda da gefenta da ya ci duniya suke burge shi, wannan ba nasa ba ne. Amma a ma'aunin da na ɗauko shi ne kan gaba. Mai zanen farko ya riƙe tsiron da ransa, masu duba aikin sun gan shi a inda ya tsiro, farantin na asali ne, babu mai kwafa a tsakani. Takardar mai kauri ce marar asid. Kowane falle yana da hatimin maɗaba'a da aka danna ba tawada, da lambarsa a cikin 100 da fensir, don haka jabunsa na da wuyar yi. Kuma a warwatse aka fitar da shi cikin akwatuna, ba a yaga littafi kafin ya iso hannunka ba.

Wannan batu na yaga littafi yana damuna, kuma ya kamata ya dami mai saye. Kowane fallen Cook ko na Coquille da ka gani shi kaɗai, daga cikin littafi aka yanko shi. Wani littafin ya riga ya lalace ba ya gyaruwa, wannan babu laifi. Wani kuwa lafiyarsa ƙalau aka farke shi don fallayen a rarrabe sun fi tsada. Akwai kuma na sata: a 2005 an kama wani sanannen dillalin taswira a laburaren jami'ar Yale bayan an tsinci reza a ƙasa, daga baya ya amsa cewa ya yanke taswira kusan 100 daga laburare daban-daban. Idan ka ga alamar hatimin laburare da aka kankare a kusurwa, ko wani wuri da takardar ta yi siriri kamar an goge, ajiye ka tafi.

Akwai wani dalili da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Da yawa daga cikinmu ba sa rataya hoton mai rai a ɗaki. Ga irin wannan gida zaɓin ya riga ya taƙaita ga tsirrai, kuma a fagen tsirrai littattafan Cook ba su da yawa, sai 'yan kaɗan irin reshen itacen burodi na Tahiti da ke cikin bugun 1773. Ya rage furannin Banks ko kundayen tsirrai na Faransa, irin wanda Charles Gaudichaud ya shirya daga tafiyar Uranie, waɗanda yawancinsu baƙi da fari ne.

Wanda kuma yake son tsiron da ya sani, ba baƙon fure daga wata uwa duniya ba, yana da wata ƙofar. Littafin Mungo Park na 1799 yana da farantin ganye da 'ya'yan kaɗanya, wadda ya gani a ƙasar Bambara, har masana suka daɗe suna haɗa sunan itacen da nasa. Palisot de Beauvois, wanda ya zauna a Warri da Benin daga 1786, ya fitar da kundin tsirran yankin mai farantai 120 a Faris, a ciki har da wani nau'in goro. Ba kullum ake samun su a kasuwa ba, sai an yi haƙuri an jira. Kuma gaskiya ce a sani cewa Beauvois mai kare cinikin bayi ne a fili, kamar yadda tafiyar Endeavour ita ta share hanyar mamaye ƙasar mutanen da aka tarar a Ostireliya. Kyan zanen bai goge wannan ba.

Ko wanne ka zaɓa, gwajin gaskiyarsa kusan ɗaya ne. Ka shafa shatin farantin, amma kada ka tsaya a nan, don masu jabu sun iya danna shatin ƙarya. Sa gilashi mai ƙara girma sau 10. Zanen tagulla layi ne mai kaifi ko ɗigo marar tsari, bugun injin zamani kuwa ɗigo ne jere reras masu launi huɗu. Ɗaga takardar ga haske. Ta shekarun 1770 da tsumma aka yi ta da hannu, za ka ga siraran layuka a jikinta, wani lokaci da tambarin mai yin ta a ciki, kamar yadda ake ganin jinjirin wata uku a takardun tsofaffin littattafan malamanmu da ake kawowa daga Italiya ta Tarabulus. Ta Faransa ta shekarun 1820 galibi sumul take ba layuka, don haka rashin layi a can ba aibi ba ne, amma a fallen da aka ce na 1773 ne abin tambaya ne. Karanta ƙananan rubutun ƙasa: sunan da ke hagu na mai zane ne, na dama na masassaƙi, na Ingila kuma sau da yawa suna ɗauke da ranar bugu da sunan mai bugawa saboda dokar 1735 da ta kare haƙƙin masu zane. Juya bayan. Tsohon koren da aka haɗa da tagulla yakan ci takarda ya ɓullo ta baya da launin ƙasa-ƙasa, alama ce mai kyau cewa launin ya daɗe.

Sai gidan da za a kai shi. Takarda ta fi son danshin iska ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100, kuma abin da ta fi ƙi shi ne hawa da sauka. A Kano ko Maradi hunturu zai busar da ita ta yi ƙaras, damina ta zo ta kumbura ta, ga ƙura, ga gara. Baƙar tawadar na Ingila mai ce ta haɗa ta, ba ta dusashewa, tsohuwar takardar tsumma kuma tana da juriya fiye da yadda ake zato. Furannin Banks ma tawadar mai ce a kan sabuwar takarda. Na Faransa mai launin ruwa shi ne ɗan lele. Kowanne dai yana buƙatar kwali marar asid da zai raba shi da gilashi, gilashi mai tare hasken da ke cin launi, bayan firam a rufe ruf, da bangon cikin gida da rana ba ta kai wa. Kada a bar mai firam ya manna shi da gam ko salatif, kada kuma a yi masa laminatin, wannan kashe shi ne gaba ɗaya.

Idan ni ne mai kuɗin falle ɗaya, furannin Banks zan ɗauka, kuma ba zan bi Banksia ba, furen da aka sa wa sunansa wanda kowa ke nema har kuɗinsa ya yi sama. Zan nemi wani daga Java ko Tahiti mai faffaɗan ganye, inda aikin masassaƙin ya samu fili. Wanda dole sai tsohuwar takarda, ya nemi kifi ko halittar teku daga kundin Faransa, ya tabbata yana da ɗakin da zai iya riƙe ta. Na Ingila na bar wa mai son tarihin tafiyar kanta, da sharaɗin ya zama bugun Landan na farko, baƙi da fari, in da hali na Webber. Wanda kuma ado kawai yake so, babu dalilin ya kashe dukiya: Biodiversity Heritage Library da Gallica ta laburaren ƙasar Faransa sun ɗora hotunan da yawa daga cikin waɗannan littattafai kyauta, ya sauke ya kai a buga masa a takarda mai kyau. In kuwa daga nesa za ka saya, kada ka tura ko kwabo sai dillalin ya aiko maka da hoton bayan fallen, da hotonsa a ɗage ga haske, da na rubutun ƙasa daga kusa, ya kuma rubuta a rasit sunan littafin da shekarar bugun da alkawarin karɓar kayansa idan ya saɓa.